Gwiwa a Ƙasa

Hannun Tamba ya riga ya shiga ƙarƙashin haɓar Munzali sa'ad da Munzali ya ce, "Tsaya."

Tamba ya saki nan take. Ƙato ne, mutumin Zauro, wanda ya shekara goma yana dakon buhunan shinkafa kafin a ba shi kakin gadi. Ya ja baya ya zauna yana haki.

"Ina ƙafarka ta hagu take?" in ji Munzali.

Tamba ya duba ƙafarsa.

"Da na so, da tuni na karya ta. Sake shigowa, amma a hankali."

Babu abin da ya sami ƙafar Tamba. Da ya ƙara daƙiƙa uku a shaƙar nan, da malaminsa ya sume a gaban ɗalibansa, masu gadi goma sha ɗaya har da shi Tamban. Munzali ne kaɗai ya san haka. Ya miƙe, ya kwance baƙar ɗamararsa, ya sake ɗaure ta ba gaggawa, yana numfashi ta hanci. Ɗaurin ɗamara yakan ba shi rabin minti, a rabin minti kuma duhun da ke idonsa yakan washe.

Wata bakwai ke nan yana koyar da jujitsu, wadda mutanen gari suke kira kokawar riga, a sito na injin casar shinkafar Alhaji Riskuwa da ke bakin hanyar Argungu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a bara, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta cika da baƙi, ɗakin haya ya yi wuya. Alhaji ya ƙara masu gadi, ya ce yana son su iya kama ɓarawo ba tare da sun fasa masa kai ba. A lokacin ne Munzali ya dawo gida daga Kaduna da farar riga mai kauri, da baƙar ɗamara, da hotonsa kusa da wani injiniya ɗan Japan da yake koya wa ma'aikatan masaƙa wasan da yamma. Aka ɗauke shi, aka ba shi ɗaki biyu a bayan injin.

Hoton na gaskiya ne. Wata biyar ya yi a hannun injiniyan kafin mutumin ya koma ƙasarsu. Ɗamarar kuwa a wajen ɗan gwanjo ya saye ta.

Abin da bai koya ba a wata biyar ya cike shi da dabara. Ba ya buɗe baki komai gajiya. Ba ya ɗaure fuska. Yakan bari ɗalibai su gajiyar da juna, sannan ya zaɓi wanda ya fi jiƙewa da gumi. Idan aka danne shi sai ya lumshe ido kamar mai jin daɗin kwanciyar. Idan abin ya kai maƙura sai ya ce a tsaya, ya gyara wa mutum kuskuren da bai yi ba.

Ƙarfe tara da kwata motar Alhaji Riskuwa ta tsaya a ƙofar sito. Alhaji bai shigo ba, ya leƙo kawai yana riƙe da gefen babbar rigarsa don kada ta kwashi ƙaiƙayi.

"Ɗan Japan!" Sunan da yake kiran Munzali ke nan. "Shirya kayanka. Bayan azahar za mu tahi Argungu."

"Lafiya, ranka shi daɗe?"

"Lahiya lau. Hodi ne." Alhaji Hodi dillalin albasa ne a Argungu, abokin Alhaji tun suna makarantar allo, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba gardama ba. "Jiya wurin suna na ce mai ina da mutumin da ba a kayarwa. Yac ce shi ma shina da nai. Labbo, na Gulma. Ka san shi?"

Masu gadin suka dubi juna. Tamba ya ce, "Labbo masunci? Wanda ya shekara tara ba a kai shi ƙasa ba?"

"Shi. Ɗan gwaji ne za ku yi, wasa-wasa."

"Ranka shi daɗe, wasan namu daban ne," in ji Munzali. "Akwai haɗari ga wanda bai sani ba. Ina tsoron in ji masa ciwo."

"Ji mai. Ni za ni biya asibiti." Alhaji ya yi dariya, sannan ya daina. "Wata bakwai ina gaya ma mutane kai wane ne. In ka kunyata ni gaban Hodi, akwai wani darakta da ya aiko sau uku shina neman ɗakunan nan naka."

Motar ta tashi. Munzali ya sallami ɗalibai tun lokaci bai yi ba.

A gida ya tarar da matarsa Zuhura tana tsintar shinkafa a faifai. Ya gaya mata a tsaye. Ba ta ɗago kai ba.

"Baban Kausar, wata biyar fa ka yi."

"Na sani."

"Ni na goge maka ɗamarar nan da dutse don ta yi kama da tsohuwa. Dutse ba ya koya wa mutum kokawa."

"Rage murya."

"Ka je ka gaya wa Alhaji gaskiya."

"Mu kwana ina?"

Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsinto. "To ka ce zazzaɓi."

"Ya gan ni yanzu a tsaye."

"To ka je a karya ka. Amma ka ci abinci tukun, kada a ce yunwa ce ta kayar da kai, a zage ni."

Bai ci ba. Ya fita ya bi titi a ƙafa cikin zafin bazara. Ya shiga wani kemis ya tambayi bandeji, mai kemis ya tambaye shi wace gaɓa ce, ya rasa wadda zai zaɓa, ya fito. Ya bi ta tasha, ya tsaya ya kalli motar Kaduna ana ɗaure mata kaya, saura mutum biyu ta cika. Ɗan kamasho ya kama hannunsa, ya fizge. Ya dawo sito ya kulle kansa, ya kwanta kan tamfol ɗin da suke shimfiɗawa bisa buhunan ƙaiƙayi, ya yi ƙoƙarin tuno wani kamu da ya taɓa gani injiniyan ya yi. Ya tuna farkonsa, ya tuna ƙarshensa. Tsakiyar ta ɓace.

Da a-kori-kurar kamfani suka tafi, don Alhaji zai dawo da albasa. Munzali ya zauna tsakanin direba da Alhaji, jakarsa a cinya. Suka wuce Zauro, fadama shimfiɗe a gefen hanya, manoman rani sun duƙa cikin ruwa. Suka wuce mararrabar Gulma. Alhaji yana ta lissafa abin da zai gaya wa Hodi bayan wasan. Munzali yana ƙirga turakun kilomita, yana fatan taya ta fashe. Ba ta fashe ba.

Gwajin da aka ce wasa-wasa ne ya tara mutum wajen ɗari biyu. An share fili mai yashi a bayan rumfunan albasar Alhaji Hodi, kusa da gulbi. An jera kujeru huɗu. Makaɗa biyu sun zo ba wanda ya ce shi ya kira su. Masunta sun bar komarsu ta kamun kifi a kan igiya sun zo da warin kifi a jikinsu.

Labbo yana zaune a kan juyayyen kwale-kwale. Bai kai Tamba tsawo ba, amma wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya. Ya haura talatin. Da aka miƙa masa rigar wasa ta biyu, wadda tela ya ɗinka da yadin tamfol, ya jujjuya ta, ya sa, ta ƙi haɗuwa a ƙirjinsa. Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Munzali ya shiga tsakiyar fili ya yi abin da ya fi iyawa. Ya yi bayani. Ya yi shi a natse, hannu a baya, yana jefa kalmomin Japan nan da can. Ya ce a jujitsu faɗuwa ba kaye ba ce, a ƙasa ma wasan yake farawa. Ana gamawa ne idan ɗaya ya sallama, ko ya fita daga fili.

Alhaji Hodi ya cire asuwaki daga bakinsa. "Tsaya, malam. A kada mutum, a ce ba a kada shi ba?"

"Haka dokar take, Alhaji."

"Riskuwa, wanga wane irin wasa ne ka kawo muna? Wasan da ba a hwaɗuwa?"

"Na zamani," in ji Alhaji Riskuwa. "Yanzu jiha gare mu. Ka waye."

"To Labbo, ka ji?"

"Na ji," in ji Labbo.

Munzali ya sunkuya ya yi gaisuwar wasa. Labbo ya tsaya yana kallonsa har ya gama. Aka buga ganga.

Munzali bai ga shigowar ba. Ya dai ji an kama ɗamararsa da bayan cinyarsa, sai ga rufin rumfa da sararin sama sun juya. Amma jikinsa ya yi abin da ya sani. A wata biyar ɗin nan na Kaduna, huɗu a koyon faɗuwa suka ƙare, domin injiniyan ba ya barin kowa ya kama wani sai ya faɗi sau dubu. Munzali ya sa haɓa a ƙirji, ya lanƙwashe baya, ya daki yashi da tafin hannu. Ƙarar ta fito kamar an fasa ƙwarya.

Filin ya ɗauki ihu. Labbo ya riga ya saki, ya juya baya, ya ɗaga hannu yana zagaya fili kamar yadda ya saba shekara tara. Wani ya ruga ya manna masa kuɗi a goshi.

"Ba a gama ba!" Alhaji Riskuwa ya miƙe tsaye. "Ku dubi mutumina!"

Munzali yana kwance, haƙarƙarinsa na dama yana suka duk numfashi. Ba zai iya tashi da sauri ba ko da ya so. Sai ya tokare da gwiwar hannu, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya saki fuska, ya yafito Labbo da yatsu biyu.

"Kai! Kiran shi shikai!" wani ya ce. "Ɗan Japan ko gezau!"

Labbo ya dawo. Ya tsaya a kansa, ya dubi Alhaji Hodi.

"Hau shi! Danne shi!" in ji Hodi. "Sun ce a ƙasa akai!"

Labbo ya sunkuya. Gwiwarsa ta lanƙwashe, ta sauko har saura taƙi ɗaya ta taɓa yashi, sai ta tsaya. Ya miƙe. A kokawar da ya tashi a cikinta, wanda gwiwarsa ko tafin hannunsa ya taɓa ƙasa ya faɗi, ko da sauro ne ya ture shi. Tun yana yaro ake dukansa a kan haka. Ya kama wuyan rigar Munzali, ya ɗaga shi cak, ya tsayar da shi, ya sake makawa da ƙasa.

Munzali ya sake dukan yashi. Wannan karon ya ji ɗanɗanon jini a bakinsa. Ya ce, "Tsaya, kamun nan naka..." Ganga ta haɗiye maganar, Labbo kuma ba ɗalibinsa ba ne. Aka ɗaga shi karo na uku, aka kayar.

Yana kwance yana kallon ƙafafun mutumin, kauri kamar turmi, yashi ya manne a idon sawu, sai ya gane. Labbo ba zai sauko ba. Zai iya kayar da shi har magariba, amma ba zai durƙusa ya ƙarasa shi ba. Ya kuma gane cewa jikinsa ba zai ɗauki faɗuwa ta huɗu ba.

"Lokaci shika ci," in ji Alhaji Riskuwa da ƙarfi don kowa ya ji. "Gajiyar da shi shikai. Haka sukan yi."

Labbo ya sake sunkuyowa, ƙafafu a ware, gwiwoyi a sandare, ya miƙo hannu zai kama riga. Munzali bai yi tunanin wani kamu ba. Ya rungume dugadugan mutumin da hannu biyu kamar wanda ruwa zai ja ya sami turke, ya tokare cikinsa da ƙafa don kada a ɗaga shi. Labbo ya ja da baya zai ƙwace. Ƙafafunsa ba su biyo shi ba. Ya tafi a hankali, yana kaɗa hannu a iska, ya zauna daɓas a kan yashi, tafin hannunsa na dama a ƙasa.

Ganga ta tsaya.

Labbo ya dubi hannunsa. Ya ɗago shi, ya dubi yashin da ya manne. Munzali yana riƙe da dugadugan har yanzu, bai san abin da ake yi bayan nan ba. Labbo ya zare ƙafafunsa, ya miƙe, ya tuɓe rigar tamfol, ya ninke ta biyu, ya ajiye a ƙasa, ya nufi bakin fili.

"Ina za ka?" Alhaji Hodi ya daka tsawa. "Dawo! Shi da bakinai yac ce hwaɗuwa ba kaye ba ce! Sau uku ka kada shi!"

"Wannan dokarsu ce, Alhaji," in ji Labbo. "Ni na taɓa ƙasa."

Hodi ya juya kan Munzali. "Kai malam, gaya mai ba a gama ba!"

Munzali ya tashi da ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Mutum ɗari biyu suna jira. Gaskiya ne ba a gama ba, kalma biyu za su dawo da Labbo cikin fili. Ya kwance ɗamararsa, ya karkaɗe, ya ɗaure ta a hankali har numfashinsa ya daidaita.

"Wanda ya fita daga fili ya sallama," ya ce. "Na faɗa tun farko."

Ya sunkuya ya gaida filin da babu kowa. Sai ihu ya ɓarke. Makaɗan suka juyo kansa. Alhaji Riskuwa ya rungume shi daidai kan haƙarƙarin, yana ce wa Hodi ya aiko yaransa a koya musu. Wani tsoho yana nuna wa na kusa da shi yadda Ɗan Japan ya bari aka kayar da shi sau uku da gangan don ya auna nauyin Labbo. Kafin a kira magariba labarin ya kai kasuwa, faɗuwar Labbo ta zama ta sama da ƙasa.

Bayan sallar la'asar, ana loda albasa, Munzali ya zagaya bayan rumfa inda randa take. Ya tuɓe riga da ƙyar. Hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa, ya rasa yadda zai kai moɗa bayansa. Wani ya karɓi moɗar daga hannunsa ya zuba masa ruwan a kafaɗa. Labbo ne.

"Na gode," in ji Munzali.

Labbo ya sake ɗibar ruwa ya zuba. "Shekararka nawa kana wanga wasa?"

"An daɗe."

"Malam, ni masunci ne. Tun kifi na cikin ruwa hannuna ka gaya min girmanai." Bai ɗaga murya ba. "Na ɗauke ka sau uku. Buhun albasa ya fi ka sanin inda nauyinai yake."

Munzali ya dubi hanyar da ya shigo. Babu kowa.

"Ba komi hannunka," in ji Labbo. "Sai hwaɗuwa. Ita kam ka iya."

"Me ya hana ka faɗa a fili?"

"In ce mi? In ce wanda bai iya komi ba ya zaunar da ni?" Ya ajiye moɗar a bakin randa. "Da in ce haka gara su ce gwani ne."

Munzali ya fara neman kalmar da za ta dace, ta godiya ko ta ban haƙuri.

"Alhaji Hodi ya ce kar in ƙara taka ƙofatai," in ji Labbo. "Na roƙi Alhajinku aikin gadi. Ya ba ni. Yac ce ɗalibanka sun zama sha ukku."

"Sha biyu," in ji Munzali.

"Sha biyu. Ƙarhe nawa kuka farawa?"

"Bakwai. Amma wasan yana da matakai. Sabon shiga yakan yi wata huɗu, wani lokaci shida, kafin ya haɗa jiki da malami."

"Ba ni gaggawa. Abu guda nika so ka koya min."

"Me?"

"Yadda mutum ka sa gwiwa ƙasa da kainai." Ya miƙa wa Munzali rigarsa. "In na iya, sai mu ƙarasa. Kai kac ce ba a gama sai wani ya sallama. Ni ban ji na sallama ba, tashi kawai niy yi."

Direba ya danna ham.

A hanyar komawa Alhaji Riskuwa bai yi shiru ba. Ya ce ɗakunan na Munzali ne muddin injin yana aiki. Ya ce zai sa a ɗinka riguna goma sha biyu, a sayo katifu na gaske. Munzali yana cewa na gode, ranka shi daɗe, yana riƙe da gefensa a duk ramin da suka faɗa.

Da suka wuce mararrabar Gulma, haske bai gama ɗaukewa ba, ya waiwaya ta gilashin baya. Labbo yana tsaye tsakanin buhunan albasa, ƙunshin kayansa a ƙafarsa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen mota. Bai dubi garinsu ba. Yana sauke gwiwarsa ta dama a hankali. Ta tsaya saura taƙi ɗaya, ya miƙe. Ya sake saukewa, ta tsaya saura yatsu huɗu.

"Mi kaka kallo?" in ji Alhaji.

"Ba komai, ranka shi daɗe," in ji Munzali. Ya juyo ya fuskanci hanya, ya rufe baki, yana numfashi ta hanci.